Kafin Ka Ƙara Wa Ƙarfe Nauyi, Duba Tsayuwarka Da Numfashinka

'Yan uwa mazauna Kurmi, na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, na Sabon Ibadan da Sasa, na Lokpanta da Fatakwal da Anacha. Daga Dei-Dei nake rubuto muku, nan bakin Abuja, inda mahaifina yake saye da sayar da shanu tun ina ƙarami. Wasu daga cikin shanun da ake saukewa a Oko-Oba ko Akinyele, ni na ja su da igiya har bakin tirela, wani lokacin ma ni nake rako su.

Duk zangon da na sauka a Kudu, sai na tarar da wani wuri iri ɗaya a bayan shago ko gefen gareji: benci na katako, sandar ƙarfe, da siminti da aka zuba a bokitin fenti aka bari ya daskare. Da asuba ko bayan la'asar samari za su taru, 'yan dako, 'yan garuwa, 'yan acaɓa, yaran mahauta, kowa yana son ƙwanji ya fito. Ni ma ina cikinsu, kuma ban ce kowa ya daina ba. Ɗaga ƙarfe abu ne mai amfani, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce ya kamata baligi ya yi atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Amma akwai abu biyu da ba mai koya mana a irin waɗannan wurare: yadda jiki yake karkata ɓari ɗaya, da yadda ake numfashi a ƙarƙashin nauyi. Rashin sanin su ya kwantar da ni mako uku a lokacin da gidanmu ya fi buƙata ta.

Abin da ya same ni

Tun ina ɗan shekara 12 nake jan sa. Igiya a kafaɗar dama, ƙafar hagu a gaba, in karkace in ja. Buhun dusa ma a kafaɗar dama nake ɗauka. Ban taɓa tunanin wannan wani abu ne ba. Da na gama sakandare na fara ɗaga ƙarfe da abokaina a bayan wani kango, kuma cikin wata shida na wuce da yawa daga cikinsu, domin jikina ya riga ya saba da wahala.

Wata rana, saura kamar mako huɗu Babbar Sallah, muka yi gasa ta ɗauko ƙarfe daga ƙasa. Aka ƙara nauyin da ban taɓa gwadawa ba. Na sunkuya, na zuƙe cikina ciki kamar yadda na ga ana yi a hoto, na fizgo. Ƙarfen ya taso, ɓangaren dama ya riga na hagu, jikina ya murɗa don ya cim masa. Sai na ji wani abu ya soke ni a ƙugu, idona ya yi duhu, na saki ƙarfen na zauna a ƙasa.

Washegari ko sunkuyawa in ɗaura takalmi ban iya ba. Ku da kuke harkar dabbobi kun san me ake nufi da makonnin kafin Sallah. Dole Baba ya ɗauki yaro na haya ya yi aikina. Bai yi mini faɗa ba, abu ɗaya kawai ya ce: "Kai da kake gane sa mai ɗingishi tun daga nesa, ka kasa gane naka?"

Maganar nan ta tsaya mini. Gaskiya ne, Baba ba ya sayen sa yana tsaye. Sai ya ce a kora shi ya yi tafiya, ya tsaya a bayansa yana kallon ƙugu da yadda kofato ke sauka. Da na samu sauƙi na je sashen gashin ƙashi na wani asibiti, abin da likitan ya yi mini ke nan. Ya sa na cire riga, na yi tafiya, na tsaya da ƙafa ɗaya, na tsuguna, na kwanta na yi numfashi yana kallo. Ya ce ƙashina lafiya lau, tsoka ce ta ji ciwo. Sannan ya ce: "Malam, ɓarinka na dama ya daɗe yana yi wa na hagu aiki, kuma kana ɗaga kaya da ciki a sake." Abin da zan bayyana a ƙasa, daga wurinsa na fara jin sa, sauran kuma na bi na karanta na gwada a jikina.

Babu wanda ɓarinsa biyu suke daidai wa daida

Wanda ya taɓa tsayawa a kwata ana feɗe saniya ya san cikin dabba ba a raba shi biyu daidai ba. Tumbi ya cika hagu, hanta tana dama. Mutum ma haka yake. Hantarmu, wadda ta kai kusan kilo ɗaya da rabi, tana dama. Zuciya ta karkata hagu. Huhun dama kashi uku ne, na hagu kashi biyu, saboda ya bar wa zuciya wuri. Tantanin naman da ya raba ƙirji da ciki, wanda da shi muke numfashi, ɓarinsa na dama ya fi na hagu tudu domin hanta ta tokare shi daga ƙasa. Ga kuma hannu: kusan mutum 9 cikin 10 na-dama ne, bahago kaɗan ne. Ƙafafu ma, mutane da yawa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsawo ba su sani ba, kuma in bambancin bai kai santimita 2 ba yawanci ba ya damun mutum.

A Amurka akwai wani likitan gashin ƙashi mai suna Ron Hruska, a garin Lincoln na jihar Nebraska, wanda ya gina koyarwarsa a kan wannan. A ganinsa, wannan tsari na cikinmu ne ke sa yawancin mutane su fi jingina nauyinsu a ƙafar dama, kuma gyaran numfashi yana gyara tsayuwa. Masu horar da 'yan wasa da yawa sun karɓi wannan ra'ayi, wasu masana kuma suna ganin an kai shi inda hujja ba ta kai ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne, karkata kaɗan halitta ce, ba cuta ba.

Misali biyu sun ishe mu. Usain Bolt na Jamaika, wanda ya yi gudun mita 100 cikin daƙiƙa 9.58 a Berlin a 2009, ƙashin bayansa a lanƙwashe yake, kuma ƙafarsa ta dama ta fi ta hagu gajarta. Lamar Gant na Amurka shi ma bayansa a lanƙwashe yake sosai, amma a 1985 ya ɗauko kilo 300 daga ƙasa alhali nauyin jikinsa kilo 60 ne, wato ninki biyar. Saboda haka in ka duba madubi ka ga kafaɗa ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka, kada hankalinka ya tashi, kuma kada wani ya karɓe maka kuɗi da sunan zai miƙe ka. Matsala tana farawa ne idan ɓari ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi da nisa, sannan ka ɗora musu kaya ɗaya ka ce su raba daidai.

Sana'a ce take ƙara karkatar da mu

Ku je gidan damben Ali Zuma a nan Dei-Dei, ko duk inda ake dambe a garinku, ku kalli tsohon ɗan dambe da kyau. Hannu ɗaya ake ɗaurewa da zare, shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa ne. Shekara da shekaru ƙafa ɗaya ce a gaba, ƙugu yana murɗawa ta hanya ɗaya. Damtsen da ke duka da kafaɗarsa ba za su zama ɗaya da na karewa ba. 'Yan wasan tanis ma an auna an ga ƙashin hannun da suke wasa da shi ya fi ɗayan kauri. Jiki yana ginuwa ne a kan abin da ake yawan sa shi.

To mu ma kowannenmu ɗan dambe ne a sana'arsa. Ɗan dako yana da kafaɗar da yake karɓar buhu da ita. Mahauci yana sara da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe. Ɗan acaɓa ƙafar hagu yake saukewa duk tsayawa, don ta dama tana kan birki. Mai garuwa yana sauke jarka mai lita 25, wato kilo 25 na ruwa, kusan kullum da hannu ɗaya. Mai rakiyar shanu yana zaune a karkace a saman tirela tun daga Lokoja har Ikko.

Wannan bambanci a wurin aiki yana iya zama amfani. Amma sandar ƙarfe ba ta san sana'arka ba. Tana kama da karkiyar shanun huɗa: in ka haɗa bijimi da ƙaramin sa, kunya ba za ta miƙe ba, kuma ƙaramin ne zai jigata, babban kuma wuyansa ya goge. Idan ka kwanta a benci ko ka tsuguna da sanda a wuya, ɓari mai ƙarfi yana ƙwace aikin, ƙarfen ya hau a gicciye, ƙugu ya zame gefe, baya ya murɗa. Da ƙaramin nauyi ba za ka ji komai ba. Ranar da nauyi ya yi yawa, ko ka zo a gajiye daga aiki, ranar ce jiki zai gaya maka. Jiki magayi.

Ciki taya ne, numfashi ne iskarsa

Yanzu ga batun numfashi, wanda shi ne na fi jahilta. Mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya in yana hutawa, wato wajen sau 20,000 a yini. Babban mai wannan aiki shi ne tantanin nan da na ambata. Siffarsa kamar ƙwarya ce a kife a ƙarƙashin haƙarƙari. In ka shaƙi iska yana sauka ƙasa, huhu ya buɗe, kayan ciki su turu, shi ya sa cikin jariri yake tashi yana sauka in yana barci. In ka fitar da iska sai ya koma sama.

Abin da ban sani ba shi ne, wannan tantani yana da aiki na biyu. Jijiyoyinsa a manne suke da ƙashin baya na wajen ƙugu, kuma shi ne murfin ciki. Ka ɗauki cikinka kamar taya: tantani a sama, tsokokin ƙasan mara masu riƙe fitsari a ƙasa, tsokokin ciki da na kwiɓi da na baya a kewaye. In ka shaƙi iska ƙasa sosai sannan ka ɗaure waɗannan tsokoki, matsi yana taruwa a ciki, kuma wannan matsi ne yake tallafe ƙashin baya daga gaba. Tirela tana ɗaukar shanu ne a kan iskar da ke cikin taya. Sace iskar ka ga abin da zai faru da rim.

Kuskuren da na yi shi ne zuƙe ciki. Zuƙe ciki don a ga layin tsoka na ɗaukar hoto ne, ba na ɗaukar kaya ba. Kuskure na biyu da nake gani kullum shi ne shaƙar iska a ƙirji: kafaɗu su tashi, haƙarƙari ya buɗe sama, baya ya banƙare. A wannan tsayuwa murfin sama ba ya kallon na ƙasa, matsin sai ya tsere ta gaba, nauyin ya sauka a ƙugu.

Ga yadda likitan ya koya mini. Kwanta rigingine, ka lanƙwasa gwiwa, tafin ƙafa a ƙasa. Sa hannuwa a kwiɓi biyu, yatsu a gaba, babban yatsa ta baya. Fitar da iska ta baki a hankali har ka ji haƙarƙari ya sauka. Sannan shaƙa ta hanci, ka nemi iskar ta ture hannuwanka gefe da gefe, har ka ji bayanka yana danna ƙasa, ba cibiya kaɗai ta tashi ba. Yi sau biyar, ka huta, ka sake. A nan na gano kwiɓina na hagu yana buɗewa, na dama kuma kamar an ɗaure shi, saboda shekarun da na yi ina lanƙwashe wajen igiya. Bayan ka iya wannan, sai ka koyi ɗaurewa: shaƙi iskar, sannan ka tamke ciki kamar wani zai kai maka naushi. Ba zuƙewa ba, ba kuma turo tumbi ba. Ka yi shi a kwance, ka yi a tsaye, kafin ka yi da ƙarfe.

Bel ɗin da ake ɗaurawa a ƙugu ma aikinsa ke nan. Ba ya riƙe baya da kansa, bango ne da ciki zai tura. Wanda bai iya ɗaure ciki ba, bel ado ne kawai a jikinsa.

Riƙe numfashi: amfaninsa da haɗarinsa

In nauyi ya yi yawa sosai, jiki da kansa yake rufe maƙogwaro ya riƙe iska ya yi yunƙuri. Likitoci suna kiran wannan da sunan wani likitan Italiya, Antonio Valsalva, wanda ya bayyana shi a 1704. Shi ne yake ba da matsi mafi ƙarfi a ciki, kuma manyan masu ɗaga ƙarfe duk suna amfani da shi. Amma yana da farashi.

A 1985 masu bincike a Jami'ar McMaster ta Kanada sun auna jinin masu gina jiki a daidai lokacin da suke tura nauyi da ƙafafu. Awon lafiyayyen mutum yana wajen 120 bisa 80. A wurinsu matsakaicin awon ya kai 320 bisa 250, mutum ɗaya ma ya kai 480 bisa 350. Na 'yan daƙiƙoƙi ne, kuma lafiyayyen matashi yana jurewa. Sai dai in ka daɗe a riƙe, jinin da ke komawa zuciya yana raguwa, da ka saki kuma awon ya faɗi, ƙwaƙwalwa ta rasa isasshen jini. Wannan ne duhun da na gani. Mutum yana iya sumewa, kuma sumewa da ƙarfe a wuya ko a saman ƙirji ba wasa ba ne.

Ƙa'idar da nake bi yanzu mai sauƙi ce. In nauyin da zan iya ɗagawa sau goma ne ko fiye, ba na riƙe numfashi: ina shaƙa wajen sauka, ina fitarwa wajen tashi, ciki a ɗaure. In mai nauyi ne da ba zai wuce sau uku zuwa biyar ba, ina shaƙa a sama, in ɗaure, in sauka, in taso, da na wuce wurin da ya fi wuya sai in saki iskar ta tsakanin haƙora. Kowane ɗagawa da numfashinsa. Ba a haɗa uku da numfashi ɗaya.

Akwai waɗanda bai kamata su riƙe numfashi a ƙarƙashin nauyi ba sai da izinin likita: mai hawan jini, mai ciwon zuciya, mai ciwon hawan ruwan ido, wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da mai ƙaba ko gwaiwa. Hawan jini ba ya sallama, saurayi ma yana iya samunsa bai sani ba. Shiga kemis a auna ka, in ana samun 140 bisa 90 ko fiye a kai a kai, ga likita kafin ka ga ƙarfe. Ita kuwa ƙabar matsematsi, kusan namiji 1 cikin 4 yana samunta a rayuwarsa. In kana ganin kumburi a gefen mara da ke fitowa in ka yi tari ko nishi, ya koma in ka kwanta, matsin ciki zai ƙara turo shi ne. Bel ba ya maganinta, aiki ake yi.

Yadda za ka gwada kanka

Na farko, auna ƙarfen kafin ka zargi jikinka. Da na warke na kai dutsen simintinmu biyu wurin 'yan gwangwan aka ɗora a sikeli. Ɗaya ya fi ɗaya da kilo biyu. Wata shida muna ɗaga karkataccen kaya muna cewa mu ne ƙarfafa! Ku auna naku, ku rubuta nauyin da fenti, ku sa alama a tsakiyar sanda da inda hannu zai kama. Ku duba ƙasan wurin ma, in gangare ne ku gyara ko ku canza. Silifas mai laushi yana sa ƙafa rawa, gara takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa mai tauri.

Na biyu, yi wa kanka abin da Baba yake yi wa sa. Ba abokinka waya ya tsaya a bayanka ya ɗauki bidiyo kana tsugunawa da matsakaicin nauyi. Duba ko ƙugu yana zamewa gefe, ko sanda tana hawa a gicciye, ko dunduniya ɗaya tana ɗagawa, ko gwiwa ɗaya tana faɗawa ciki.

Na uku, gwada kowane ɓari shi kaɗai. Sa ƙafa ɗaya a gaba ɗaya a baya ka sauka ka tashi, ka ƙirga, ka juya. Ɗaga ƙaramin ƙarfe sama da hannu ɗaya, ka ƙirga, ka juya. Ɗauki jarka a hannu ɗaya ka yi tafiya a miƙe ba tare da ka karkata ba, ka ƙirga taku. In dama ta yi goma hagu ta yi tara, ba komai. In dama ta yi goma hagu ta tsaya a shida, ka samo aikin da ke gabanka.

Gyaran ba shi da wani sirri. Ka sa atisayen ɓari ɗaya a cikin shirinka sau biyu a mako. Fara da ɓari mai rauni, kuma adadin da ya yi shi ne adadin da mai ƙarfi zai yi, ko da yana iya fin haka. Tafiya da jarka a hannu ɗaya ita ta fi yi mini amfani, domin tana tilasta wa kwiɓin ɗaya ɓangaren ya riƙe jiki. Rage nauyin sanda zuwa inda za ta hau a miƙe, sannan ka riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, kilo biyu zuwa biyar, ba ashirin ba don ana kallo. A wurin aiki ma ka riƙa canza kafaɗa da hannu, ka fara da kaya marasa nauyi har jiki ya saba. Ni sai da na yi wajen wata uku kafin in iya jan sa da kafaɗar hagu ba tare da ya ja ni ba.

Wajen ɗauko kaya daga ƙasa, buhun siminti mai kilo 50 ne ko ƙarfe, abu uku ne. Matso da kayan jikinka, domin duk yadda ya yi nisa da kai haka nauyinsa yake ninkuwa a ƙugu, kamar yadda guga take fin nauyi in ka miƙe hannu. Ɗaure ciki kafin kayan ya bar ƙasa, ba bayan ya tashi ba. Kada ka murɗa baya da kaya a hannu, juya da ƙafafunka gaba ɗaya. Sannan ka tuna aikin yini ma atisaye ne. Wanda ya sauke tirelar albasa da safe, bayansa ya riga ya yi rabonsa na ranar, ba ranar gasa ba ce.

Dole in faɗi wannan ko da ba za a ji daɗi ba. Masu shan tiramadol don su yi dako ko su ɗaga ƙarfe, ƙwayar ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi. Kashe jin zafi take yi, kuma zafin nan shi ne mai gadin da ke cewa tsaya. Ban da haka tana kama mutum, kuma yawanta yana kawo farfaɗiya.

Yaushe ne sai asibiti

Ciwon baya ba naka ne kai kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki. Labari mai daɗi shi ne, kusan kashi 90 cikin 100 ba wata babbar cuta ce ke kawo shi ba, kuma yawanci yana sauƙi cikin 'yan makonni. Kwanciya kwana da kwanaki ba ta taimakawa, tafiya a hankali da komawa aiki sannu a hankali sun fi.

Amma akwai alamun da ba a jira da su, ba a kuma kai su wurin mai ɗori ko mai tausa. In ka ji tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zubowa ba ka sani ba, ko ƙafa tana rasa ƙarfi tana jan ƙasa, tafi asibiti a ranar, domin jijiyoyin laka ne aka danne kuma jinkiri yana iya barin nakasa. Haka in ciwon ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko bayan faɗuwa daga mota ko babur. Haka in ƙaba ta fito ta ƙi komawa, tana zafi, ana amai. Ciwon kai mai tsanani da ya sauko farat ɗaya a lokacin ɗagawa, ko ciwon ƙirji, su ma na gaggawa ne. Na Ikko kuna da asibitin ƙashi na Igbobi, na Gabas akwai na Inugu, in an koma gida akwai na Dala a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen gashin ƙashi. In ƙaninka mai tasowa ne ka ga in ya sunkuya haƙarƙarin ɓari ɗaya ya yi tudu, kai shi a duba tun yana girma, lokacin ne aka fi iya taimaka masa.

Yau na koma ɗaga ƙarfe, kuma na wuce nauyin da ya kayar da ni, sai dai ya ɗauke ni kusan shekara. Kafaɗata ta dama har yanzu ta ɗan fi ta hagu sauka, na daina damuwa da ita. Abin da ya canza shi ne hagu ta koyi ɗaukar rabonta, kuma ba na taɓa kaya sai na cika ciki da iska. Mu da muka bar gida muka zo nema, jikin nan shi ne jarinmu, in ya kwanta babu fansho, kuma akwai masu jiran saƙo a gida ƙarshen wata. Gobe in kun haɗu a wurin ƙarfe, kafin a fara gasa, a nemo sikeli a auna duwatsun, wani ya riƙe waya ya tsaya a baya. Allah ya ƙara mana lafiya, ya sa albarka a nema.